Wasiƙa daga Teksas zuwa Yauri: jirgin da kuka gani ba nawa ba ne

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna, ya ƙarfin jikin Baba, ya ruwa? Ni lafiya lau nake, aiki sai godiya.

Ranar Litinin na tura dala 450 ta asusunka. In ba su shigo ba ka sanar da ni. Ga yadda za a raba: 200 na gyaran injin jirginmu na gida, 150 na taki, 100 kuma ka danƙa wa Inna hannu da hannu, ba a gaban mutane ba. Kada ko sisin kwabo ya bi ta hannun Auta. Kai da kanka za ka kai injin wurin makanike, ka tsaya a kansa har a gama.

Sai maganar da ta sa na zauna rubutu, don a waya katse juna za mu yi ta yi. Goggo ta bar mini saƙon murya, rabi kuka rabi faɗa. Wai na sayi jirgin shaƙatawa a Amurka ina yawo a kan tafki, alhali ɗakin Inna na yoyo. Wai har a majalisar bakin kasuwa an yi ta miƙa hotona a cikin jirgin, riƙe da kifi, daga hannu zuwa hannu. Yaya, wallahi jirgin nan ba nawa ba ne. Na san wanda ya ƙulla zancen, na san dalilinsa, na bar shi da Allah. Jirgin na wani dattijo ne, baƙar fatar nan ƙasar, da muke aikin dare tare a sito. Sabon irinsa ya fi motar da nake hawa tsada nesa ba kusa ba. Mutumin ya kusa ritaya, gwiwarsa ta lalace, kuma ba shi da abin so a duniya kamar kamun wani kifi da suke kira bas. Ranar da ya ji cewa ni ɗan Sarkawa ne sai ya riƙe ni kam. Ni nake ja masa da tirela baya zuwa bakin ruwa, ni nake saukewa da ɗaurewa. Abin da ke fita daga aljihuna rabin kuɗin mai ne da lasisin kamun kifi, dala 30 a shekara. Ka karanta wa Goggo wannan wurin sau biyu.

Zancen yoyon ɗaki kuwa ban ji shi ba sai a bakinta. Me ya sa ba ku faɗa mini ba? Ka tambayo kuɗin kwano da na kafinta, in Allah ya yarda ƙarshen wata zan gani.

Kifin da kuka gani a hannuna shi ne bas ɗin. Kore-kore ne da baƙin zane a gefe, bakinsa kuwa za ka iya cusa dunƙulen hannunka a ciki. A hali ƙanen giwan ruwa ne, ya laɓe a gindin kututture ko cikin ciyawa, ƙaramin kifi na giftawa ya cafke. Amma a girma, ka gaya wa Baba ya yi dariya. Mafi girman da aka taɓa kamawa a duk jihar Teksas, a 1992 ne a tafkin Fork, kilo 8 ne da ɗan ɗori. Na duniya baki ɗaya wajen kilo 10 ne, wani ya kama a jihar Jojiya tun 1932, sai a 2009 wani ɗan Japan ya yi kunnen doki da shi. A kan wannan ake gasa ana nunawa a talabijin. Na ba dattijon labarin giwan ruwan da sai ƙarti biyu ke ɗauka a sanda, ya dube ni kamar mai shara ƙarya, sai da na buɗe masa hotunan bikin Argungu.

Kuma bayan hoton, ruwa aka mayar da shi. Haka suke yi. A yawancin tafkuna doka ta yarda mutum ya tafi da biyar a rana in dai kowanne ya kai inci 14, amma galibinsu ko ɗaya ba sa ɗauka. Sayar da shi haramun ne a doka, ba a sa masa taru, ba a jefa masa birgi, fatsa ce kawai. Ko tana ta gaske dattijon ba ya sawa, sai ta roba, da wani kwaɗon roba da ake ja a kan ciyawa. Ranar farko da ya ce in saki, yatsuna ƙin buɗewa suka yi. Don haka ka faɗa wa Kawu, da ya aiko wai in sa shi a harkar kifin, babu kobo a cikinta. Kashe kuɗi ce zalla, shi ya sa ba ni ne mai ita ba.

Yanzu muna da hutun kwana uku a watan Agusta, kuma kullum lokacin cin abinci gardamarmu ɗaya ce, wane tafki za mu. A nan zafi ya kankama. Ma'auninsu na nuna 100, wato 38 a namu. Bazarar Yauri ta fi haka a lamba, sai dai na nan Hiyustan iskar jiƙe take, gumi ba ya bushewa, riga sai ta manne maka tun kafin ka kai mota. Ba wani abu ba ne, akwai manyan fankoki a sito, kuma da dare muke aiki. Kada ka ɗaga wa Inna hankali.

Abin da zafin ke yi wa ruwa shi ne gaba ɗaya lissafin. Saman tafki yakan haura 30 a ma'auninmu, kifi ba ya son zama a ciki da rana. Can ƙasa kuma akwai sanyi, amma a wannan lokaci ruwan sama da na ƙasa ba sa gaurayuwa, sai iskar da kifi ke shaƙa ta ƙare a ƙasan. Sai ya rataye a tsakiya, daidai saman inda ruwan sanyin ya fara. A jirgin akwai na'ura mai allo da ke nuna ƙarƙashin ruwa, har wannan iyakar kana ganinta kamar hazo, kifayen na jere a samanta. Wanda bai nutse ba kuwa inuwa yake nema, ƙarƙashin gadojin katako na gidajen bakin ruwa ko cikin ciyawa mai kauri. Ba ya cin fatsa sosai sai da asuba, ko gab da magariba, ko cikin dare. Saboda haka tafkin da ke ba da kifi a watan Maris, lokacin da suke fitowa gefe yin ƙwai, yana iya mayar da kai gida hannu rabbana a Agusta.

Na kusa da mu shi ne Conroe, tafiyar awa ɗaya. Nan aka ɗauki hoton. Man mota kaɗan yake ci, amma ranakun hutu rana na ɗagawa samari sun cika shi da baburan ruwa, igiyar ruwa ta ko'ina, ka ɗaga fatsa ka rasa inda za ka jefa. Sai dai a je da dare a bi fitilun da masu gidaje ke kunnawa a bakin ruwa, inda ƙananan kifaye ke taruwa.

Shi dattijon ransa na Fork, gabas da Dalas, wajen awa huɗu daga nan. Tun 1980 aka tare ruwan, aka bar itatuwan dajin a tsaye a ciki, har yau kututturansu na leƙowa. Manyan kifayen jihar da yawa daga can suka fito, kuma dokarsu daban ce: duk wanda ke tsakanin inci 16 da 24 dole ka mayar da shi. Yana mafarkin kama wanda nauyinsa ya kai fam 13, wato wajen kilo 6, irin wanda hukuma ke karɓa aro tsakanin Janairu da Maris ta kai gidan kiwo ya hayayyafa. Na ce masa ai ba lokacinsa ba ne, kuma tuƙi cikin duhu a tsakanin kututture da farfelar injin da ta fi albashina na mako, ba da ni ba. In ta karye kunya ce za ta sa in ce zan biya rabi.

Ya kawo zancen Falcon, can kan iyakar Meziko. Na ce a'a kai tsaye. Takarduna lafiya suke, kada ka yi wani tunani, amma hanyar akwai shingayen bincike, kuma ba na son abin da zai sa a tsayar da ni ana jujjuya sunana. Bai ja ba, ya gane. Masu hali kuwa arewa suke gudu a wannan lokaci, jihohin Mishigan da Minesota, inda ruwa ke da sanyi-sanyi ana kama ɗan'uwan bas ɗin mai ƙaramin baki. Na lissafa kuɗin tafiyar da buhunan taki, na rufe bakina.

Ni Sam Rayburn na zaɓa, kuma ina ganin na kusa cin gardamar. Bai kai awa uku ba daga nan. A 1965 aka gama datse kogin Angelina aka yi shi, kuma shi ne mafi girma a cikin tafkunan da suke kacokan cikin Teksas, ko da yake bai kai rabin Kainji ba. Faɗinsa ya isa kowa ya kama gabansa. Akwai ciyawa, akwai tarin itacen da masunta suka nutsar da gangan, akwai daji a gefe inda za mu kafa tanti ba sai mun biya otal ba. Sauro da kada ne kawai, su kuwa ba baƙinmu ba ne. Amma babban dalilina shi ne tsohon kwarin kogin da ke kwance a ƙarƙashinsa. A lokacin zafi abin da kifi ke so shi ne gaɓar da zai hau ya yi farauta, ya zame ya koma zurfi ba tare da doguwar tafiya ba, kuma gaɓar tsohon kogi ita ce wannan.

Wa ya koya mana haka? Tun da aka rufe madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye gungu da gonaki, Baba bai taɓa ɓatar da tsohuwar hanyar Kwara ba. Ya dubi tudu ya dubi wata bishiya a tsallake, ya ce a saki a nan. Rannan a Conroe, gari bai gama wayewa ba, dattijon ya sunkuya a kan allonsa yana latse-latse. Ni kuma na hango zalɓe biyu sun tsaya cak a kan wani ɗan tsibiri, gabansu ruwa na tsiri-tsiri, ƙananan kifaye na tsalle ba don wasa ba. Na taɓa kafaɗarsa na ce ya kashe inji. Muka bari iska ta kai mu. Na jefa tanar robar can gaba da wurin, na bari ta nutse, na ɗan ja ta sau biyu a hankali, sai na ji zaren ya yi nauyi yana tafiya gefe. Shi ne wanda kuka gani. Tun daga ranar, kafin ya kalli na'urar sai ya kalle ni. A sito ni ne mai ɗaga kwali da ba a iya faɗin sunansa daidai, a kan ruwa kuwa tambayata ake yi. In na ce maka ban ji daɗi ba na yi ƙarya.

Amma da na dawo ɗaki na kwanta sai na kasa barci. Ni ina sakin kifi don nishaɗi, Baba da shekarunsa yana jan kalli ya dawo da ɗan abin da bai cika kwano ba. Rabin kuɗin man nan ma, in ka ce in daina, zan daina. Ka faɗa mini gaskiya, kai ne babba.

Auta fa? An ce ranar kasuwa yana loda fasinja da buhuna da babura har bakin jirgi na shan ruwa, yana kuma tsere da yaran tsallake, shi ne ya ƙona injin. Ku ka ɓoye mini, a wurin wasu na ji. Ya manta abin da ya faru a Wara a 2021? Gidaje nawa aka yi zaman makoki a ƙasarmu? In an gyara injin nan, makulli a hannunka zai zauna, ba ya fita da shi sai da yardarka, kuma ba ya fita in hadari ya haɗo. In ya ƙi, ka karɓe jirgin ka ba ɗan Kawu ya riƙa kawo balas. A nan doka ce kowane mutum a cikin jirgi sai da rigar ruwa tasa. Ka tambaya ko ana samunta a Yauri ko sai Birnin Kebbi, da nawa take. Ko guda goma ce mu fara da ita. Ka gaya masa ba ƙinsa nake yi ba, wayar da ya roƙa tana raina, amma sai na ji canji daga bakinka, ba daga nasa ba.

Ina sake faɗa: 200 inji, 150 taki, 100 Inna. In makanike ya ce bai isa ba, ya rubuta abin da ya lalace ka ɗauko mini hoto. Kada a taɓa na taki a cika, masara ba ta jira.

Tarwaɗa dai ana kamawa a nan kuma ita ba mai sakinta. Na dafa da ragowar yajin da Inna ta ba ni, dattijon ya ci yana hawaye yana ƙari. Yajin ya kusa ƙarewa. In akwai mai tahowa a aiko da shi da kuka da daddawa, amma ban da kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi.

Ranar Juma'a zan kira da ƙarfe biyar na yammarku, nan sha ɗaya na safe ke nan, na tashi daga barci. Ka sa Baba ya kasance kusa, ina so in tambaye shi yadda yake gane zurfin da giwan ruwa ke tsayawa in bazara ta yi tsanani, kafin mu tafi Rayburn. Ka gaishe da Inna, ka ce ta riƙa shan maganin ƙafar ko ba ta jin ciwo. Ka gaishe da maiɗakinka da yara, da Goggo duk da faɗan da ta yi mini, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni.

Wassalam,
Ƙanenka