A haɗa ɗalibanmu da marubutan da suke karantawa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya ku da ma'aikatanku baki ɗaya.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Kano, kuma abin da ya daɗe yana damuna shi ne yaranmu sun ɗauka marubuci wani ne da ya rasu tun tuni, sai dai a ga sunansa a bangon littafi. Ba laifinsu ba ne fa, haka ake koya musu, a shiga aji a ce Abubakar Imam ya shiga gasar rubutun littafi ta 1933 da Ruwan Bagaja, ya rasu 1981, a haddace a je a zuba a jarabawa shi ke nan. Allah Ya jiƙansa da rahama, amma ai rubutun Hausa bai tsaya a kansa ba. Tun shekarun 1980 garin nan yake cike da marubuta, ga ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, reshen Kano, ga matan da gasar Hikayata ta BBC Hausa take fitowa da su tun 2016, ga waɗanda suke rubutu a waya suna sakewa a WhatsApp, wasu ma unguwarsu ɗaya da yaran nan amma ba su san juna ba.

A zangon da ya wuce mun karanta wani gajeren labari a aji, sai na ce kowacce ta rubuta wa marubuciyar tambaya a takarda, na ɗauki hotunan takardun na tura mata ta wayata, wallahi ban zaci za ta kula mu ba sai ga saƙon murya ta aiko, na ɗora wayar a kan teburi na ƙure sauti, aji ya yi tsit. Wata yarinya da ko magana ba ta cika yi ba ita ce ta tambaya me ya sa aka kashe uwar a ƙarshen labarin, ba a tausaya wa yaran ba? Marubuciyar ta kira sunanta, ta ce ita ma sai da ta yi kuka a wajen, kuma da dare take rubutu bayan 'ya'yanta sun yi barci. Bayan sati yarinyar nan ta kawo min littafin rubutunta, ashe ta daɗe tana rubuta labari tana ɓoyewa.

Na san wasu iyaye za su ce littattafan soyayya ɓata tarbiyya suke, kuma damuwarsu abin dubawa ce, shi ya sa malami ne zai zaɓi littafin, kuma komai ta wayarsa zai bi, ba a ba kowa lambar yarinya ba.

Roƙona gare ku Malam Edita, don Allah ku ware mana ɗan fili ko da sau ɗaya a wata, ɗalibai su aiko da tambayoyi ta hannun malamansu, marubuci ya amsa, ku buga duka biyun. Su ma shugabannin ANA su taimaka mana da sunayen waɗanda suke shirye su amsa wa yara, don samun lambar marubuci ma aiki ne, ni sai da na bi ta hannun mutane da yawa kafin na dace.

Taku,
Malamar Hausa daga Kano