A Zana Jiragen Takoradi Tare da Mutanen da Suka Yi Musu Hidima

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu zanenmu zuwa ga wani ɓangare na tarihin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawanmu ke kira yaƙin Hitila. Tun a 1939 gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti na musamman don ɗaukar masu zane su zana yaƙin, kuma cikin abin da aka samu akwai zanen da Paul Nash ya yi a 1941 na gumurzun jirage a sararin samaniyar Ingila. Zane ne mai ƙayatarwa, ba na musu. Sai dai wanda ya san yaƙin ta irin waɗannan zane-zane kaɗai ba zai taɓa zaton cewa ƙasarmu Ghana ta ɗauki wani kaso mai nauyi na aikin yaƙin ba.

Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yuni na 1940, kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama kasada, sai Turawan Ingila suka juyo Takoradi da ke gaɓar tekun ƙasarmu, inda aka buɗe tashar jiragen ruwa tun 1928. A cikin manyan akwatunan katako ake sauke jirgin Hurricane, gangar jiki daban, fukafukai daban, a ja shi zuwa filin jirgi, makanikai su haɗa, a gwada shi a sama. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940. Jirgin Blenheim mai inji biyu ne ke gaba kamar madugu, domin shi ke ɗauke da mai duba hanya, ƙananan kuwa suna biye, ana yada zango a Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, El Fasher da Khartoum, har a isa Masar bayan kusan mako guda. Hazo yakan rufe hanya, rairayi ya ci inji, shi ya sa ake shafa wa bayan jirgin farin fenti, don idan ya faɗi a daji masu nema su hango shi daga sama. Jirage sama da 5,000 ne suka bi wannan hanya kafin ƙarshen 1943.

Ba matuƙa kaɗai suka yi wannan aiki ba. Lebura ne suka sauke akwatunan, su suka share filayen sauka, suka mirgina gangunan mai cikin zafin rana. Jama'a kuma sun yi karo-karo don sayen jirage, har rundunar saman Ingila ta sa wa runduna ta 218 sunan Gold Coast, wato sunan ƙasarmu a wancan zamani, ta 91 kuma sunan Najeriya.

Kumasi ba ta rasa gwanayen zane ba, daga ɗaliban sashen zane na jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST har zuwa masu zanen allunan shaguna da jikin motoci. Roƙona gare su shi ne su zana Hurricane a ƙasa, fukafukinsa a hannun ma'aikata, su zana ayarin yana sauka Kano cikin hazo. Ina kuma roƙon gidan tarihin sojoji da ke tsohuwar ganuwar Kumasi ya ware bango guda ga irin wannan aiki, a rubuta bayani a ƙarƙashin kowane zane da Turanci da Twi da Hausa, tunda Hausa ce harshen bariki a wancan zamani.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka mai karatu,
daga Aboabo, Kumasi