Wasiƙa daga Holan: hazo da aikin haske

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara. Na ga saƙonka, ka ce hazo ya rufe Kano har jirgi ya kasa sauka, kana yi min tsiya wai tunda karatun haske nake yi, in zo in share muku sama. To, tsaya ka ji.

Ka tuna muna yara, idan an ɗauke wuta mu kife tocila a tafin hannu? Hannu ya yi jajawur kamar garwashi, amma ko ƙashi ɗaya ba ma gani. Hasken ya ratsa, sai dai ya yi ta karo da tsoka yana sauya hanya, kafin ya fito ya gama rikicewa. Haka ƙura take yi masa a hazonku. Aikina kenan kullum.

A nan Jami'ar Twente, a 2007, wasu masana biyu, Vellekoop da Mosk, suka nuna cewa hasken da ya rikice ba ɓacewa ya yi ba. Sun harba leza, wato siririn haske mai tafiya a miƙe, kan farin fenti wanda ido ba ya ratsawa, suka raba hasken kashi-kashi, suna ɗan jinkirta kowane kashi, har duka suka taru a ɗigo ɗaya a bayan fentin, mai ninki kusan dubu na hasken da ke fitowa a da. Wato tun kafin ya shiga suka murɗa shi daidai yadda fentin zai warware shi.

Amma fenti a zaune yake. Makon jiya na raba dare ina daidaita nawa gwajin, ɗigon ya fito tas, sai wani ya banko ƙofa, madubi ya ɗan goce, komai ya watse. Na zuba wa kwamfuta ido kamar in yi kuka. Ƙofa fa kenan! Ina ga jinin da ke gudu a jiki, ko ƙurar da iska ke kaɗawa? Kafin ka gama lissafi ta canja wuri.

A 2018 wasu a jami'ar MIT ta Amurka sun gwada kyamara mai auna lokacin da haske ke ɗauka ya dawo, cikin akwatin da suka cika da hazon ruwa. Ido ya tsaya a santimita 36, ita ta kai 57. Santimita fa, mutumina, don haka direban jirginku sai ya ƙara haƙuri.

Ka gaishe da Hajiya. Idan ka samu mai tahowa, kilishi na nan a wuyanka.

Naka har kullum.