Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Matasa Manoma

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Kamar yadda muka saba idan an kammala kaka, ga bayanin abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ɗora masa.

Bana mun rage zaman aji, mun mayar da horo cikin gona, kuma hakan ya fi karɓar mu. A gonar gwaji mun shuka waken SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, kusa da waken gida don kowa ya kwatanta. An yi shi ne saboda tsutsar da ke huda fure da kwanso. Inda aka saba feshi sau 6 zuwa 8, shi sau 2 ya wadatar. Sai dai ba ya hana sauran ƙwari, don haka wanda ya jingine famfon feshi gaba ɗaya ya ji a jikinsa. Akwai waɗanda suka ƙi irin saboda an sauya masa ƙwayar halitta. Kwamiti bai tilasta wa kowa ba, ba kuma zai tilasta ba.

Aikin da ya fi kawo riba shi ne mafi arha: ajiyar wake a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Babu maganin ƙwari ko kaɗan, rashin iska ne ke kashe su. Mun koya wa kowa ya busar da waken sosai, ya matse iskar, ya ɗaure kowace leda daban, ya ɗora buhun a kan katako nesa da ɓera. Waɗanda suka daure ba su sayar da kaka ba, suka jira farashi ya motsa a Dawanau, sun ga bambanci. Wanda kuwa yake kwance buhu kowane mako don ya leƙa, kada ya zo ya ce mana buhu bai yi aiki ba. Matsalar ita ce da yawa cikinku bashin taki ke tilasta muku sayarwa da wuri, abin da ya sa muke ba da shawarar asusun adashi ya riƙa ba da rance daidai lokacin girbi.

Tawagarmu ta je yankin Maraɗi ganin sassaben zamani. Tun shekarun 1980 manoman can suka daina tumɓuke kututture. Suna zaɓar 'yan rassa masu ƙarfi daga tohon, su sassabe sauran, har ya zama itace. An ƙiyasta cewa dabarar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Yaranmu sun tsaya a gonar gero mai cike da gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, shi ya sa inuwarsa ba ta danne shuka. Su ma manoman Maraɗin muna sa ran zuwansu ganin noman rani a Kadawa.

Injin ban ruwa mai amfani da hasken rana da muka saya, ganin yadda fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, yana aiki lafiya. Rabon kwanakinsa ne ya jawo cacar baki. Za a kafa jadawali a rubuce.

Batun fili har yanzu yana nan. Matasa da dama, musamman 'yan uwanmu mata, a gonar aro ko haya suke, kuma ba wanda zai raini itace a gonar da za a karɓe baɗi. Mun fara magana da dagatai kan haya ta shekaru a rubuce, da shaidu.

A babban taro za a karanta rahoton ma'aji, a yanke shawara kan rancen girbi, a zaɓi sabon kwamiti. Wanda ake bi kuɗin wata ya biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya