Wasiƙa: Gudu don status ko gudu don kanka?

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a? Don Allah a ɗan sammin fili in tofa albarkacin bakina kan wani abu da ya faru da ni, wataƙila ya amfani wani.

Bara likita ya auna ni yace hawan jini na ƙwanƙwasa ƙofa, in rage gishiri in fara motsa jiki. Tsoro ne ya fitar da ni, ba wani son gudu ba. Bayan asuba in ɗaura kambas in nufi Murtala Square nan Kaduna, na saka wata manhaja a waya me ƙirga kilomita, ina gamawa in ɗora a status ɗin WhatsApp, abokai suna ta "sai kai Alhaji", ni kuma kai na ƙara girma, har ta kai ranar da ba data sai in ji gudun ma kamar asara ne tunda ba wanda zai gani. To sai wayar ta faɗa bokitin wanki ta mutu. Wallahi Edita sati uku cur ban fita ba. Ƙafata ƙalau, takalmina na nan bakin ƙofa, ashe masu kallon nake wa gudun.

Matar gida ce ta kore ni, tace na dame ta da ƙorafin ciwon baya. Na fita ba waya ba agogo, kuma ranar ce na fara jin daɗin abin, sanyin safiya, numfashina, masu kunu da ƙosai suna hura wuta, kaina ya yi wasai. Ban san kilomita nawa nayi ba, har yau ma bana ƙirgawa.

Ƙanina da ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam ne ya ban labarin wani gwaji da su Mark Lepper suka yi a jami'ar Stanford ta Amurka, aka wallafa a 1973. Yaran nazare ne masu son zane da kansu, aka yi wa wasu alkawarin takardar yabo in sun zana, wasu ba a musu alkawarin komai ba. Bayan kwanaki aka sake kawo musu kayan zanen ba lada, sai waɗanda aka wa alkawarin suka rage zane kusan rabi, sauran suka ci gaba da abinsu. Yana faɗa jikina yayi sanyi, don ni ma haka nake wa yarana, wanda ya kawo hadda ɗari biyu, wanda ya share tsakar gida ɗari. Yanzu ƙaramin ko ruwa ka aike shi sai yace "Baba nawa?" Ni na koya masa, ba wani ba.

Kar a ce nace kuɗi ba komai bane. 'Yan Kenya da Habasha da ke zuwa gudun fanfalaki na Legas tun da aka fara shi a 2016 ba yawon buɗe ido ya kawo su ba, kilomita 42 ne kuma a shekarun farko na ɗaya dala 50,000 yake tashi da ita, wa zai ƙi? Sana'arsu ce, da ita suke ciyar da gida. Amma wanda ya ci na 2016 da na 2017, Abraham Kiptum, a 2019 an dakatar da shi shekara huɗu saboda gwajin jininsa ya saɓa ƙa'ida. A shekarar dai ɗan gudun Kenya Eliud Kipchoge yayi wannan nisan cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna na ƙasar Austria, ba a ma saka shi cikin kundin tarihi na hukuma ba saboda yadda aka tsara gudun. Mutumin nan ya tara dukiya ya ci zinaren Olamfik sau biyu, amma shekara da shekaru yana kwana a sansanin atisaye na Kaptagat a Kenya da sauran 'yan gudu, iyalinsa na garin Eldoret, in layin shara da wankin banɗaki ya zo kansa yayi. Ni dai ban yarda kuɗi kaɗai zai tada me kuɗi da duku-duku yayi ta wannan wahalar ba.

Mu da muka taso ana karanta mana hadisin niyya a islamiyya ana ja mana kunne kan riya, ai bai kamata ya zama baƙon zance ba, sai dai mun bar shi a sallah da sadaka, bamu kai shi wajen aiki da tarbiyya ba. Ma'aikacin da sai oga na nan yake zama a kujera, ɗalibin da ya ƙone littattafai ranar gama jarabawa, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Na sayi wata wayar, manhajar ce ban mayar ba. Yaran kuma na dena biyansu kuɗin hadda, sai dai in zauna in saurara suna biya min, babban ya saba, ƙaramin har yanzu muna ta daga da shi.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Kaduna