Amsa ga ƙanwar da ta tambaye ni labarin Marine Girls

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida.

Tambayar da kika jefo mini a bainar jama'a, bayan shirinmu na waƙoƙin ƙetare, kai biyu gare ta. Na farko kin ce su wane ne waɗannan 'yan matan na Marine Girls da nake yawan sakawa, waɗanda ko ganga ba su da ita, muryarsu ma wani lokaci tana kauce wa kiɗan. Na biyu, kuma shi ne mai ƙaya, kin ce in ba don Tracey Thorn ta yi suna daga baya ba, wa zai tuna da ƙungiyar da ko shekara huɗu ba ta rufa ba? Tun da a fili kika tambaya, a fili zan amsa miki.

A 1980 aka kafa ta, a Hatfield, wani gari da ke kimanin kilomita 30 arewa da Landan, wanda aka fi sani da masana'antar jiragen sama ta de Havilland. Babu teku a Hatfield, ko kusa. Duk da haka 'yan mata biyu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, Tracey Thorn da Gina Hartman, suka ɗauko sunan teku suka laƙaba wa kansu, suka dinga cusa kifi da gaɓar ruwa da matuƙan jirgi cikin waƙoƙinsu. Jane Fox ta shigo ta riƙe jitar bes, ƙanwarta Alice kuma ta biyo baya, tana waƙa tana ƙwanƙwasa 'yan katakai. Tracey ce mai jita. An haife ta a 1962, wato shekararta 18 a lokacin, Alice kuwa ba ta kai haka ba.

Sai kin san irin zamanin za ki gane abin da suka yi. Guguwar punk, wani salon kiɗan rock mai zafi da hayaniya, ta 1976 da 1977 ta bar wa matasan Ingila wani ra'ayi guda, cewa ba sai ka ƙware ba kafin ka kafa ƙungiya, kuma ba sai babban kamfani ya sa maka hannu ba kafin ka fitar da faifai. Ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu irin su Rough Trade suka yi ta tsirowa, kaset ya yi araha, kowa na iya naɗa a ɗakinsa. Amma filin ya ci gaba da zama na samari, da ƙara da ihu da dukan ganga kamar za a fasa ta. Tracey ta ɗanɗana wannan, domin kafin Marine Girls ta kaɗa jita a wata ƙungiyar samari mai suna Stern Bops. Ita da kanta ta ba da labari a littafin rayuwarta na 2013 cewa ranar da suka ce ta gwada waƙa, kunya ta hana ta buɗe baki a gabansu, sai da ta shige cikin kabad ɗin kaya ta ja ƙofa, daga ciki ta rera musu. Muryar da daga baya ta zaga duniya ke nan.

Marine Girls sun karɓi izinin da punk ya bayar, suka bar masa hayaniyarsa. A ganina nan ƙarfin halinsu yake. A dandalin da kowa ke ƙoƙarin ya fi wani ƙara, 'yan mata huɗu su hau su yi waƙa a hankali, ba makaɗin ganga da zai rufa musu asiri idan sun kuskure, wannan ba aikin matsorata ba ne. Ai ihu ya fi sauƙin fakewa.

Da farko kaset suka naɗa da kansu, suka yi 'yan kwafi kaɗan suka sayar. Daga nan wani mai suna Pat Bermingham, mai ɗan ƙaramin kamfanin In Phaze, ya naɗi waƙoƙinsu a wani ɗakin katako na ajiye tarkace a bayan gidansa da ke Ilford. Abin da ya fito daga ɗakin shi ne Beach Party na 1981, wanda ya fara fita a kaset, sannan Dan Treacy na ƙungiyar Television Personalities ya buga shi a faifai ƙarƙashin kamfaninsa Whaam!

Ki sa abin sauraro a kunne ki ji shi da dare. Kafin kiɗa ya fara za ki ji shuuu ɗin kaset. Sai bes ɗin Jane ya shigo, kuma ki lura, ba raka jita yake yi ba kamar yadda aka saba. Shi ke ɗauke da karin waƙar, yana hawa yana sauka, jitar Tracey tana bi a gefe da 'yan tsirarun bugu. A wurin da ya kamata ganga ta faɗo sai ki ji ƙwas, ƙwas, na katako. Tsakanin wannan da wancan akwai fili fayau da ba a cike da komai ba, har kina iya jin girman ɗakin. Waƙoƙin da yawa ba su kai minti biyu ba, suna faɗin abin da ke bakinsu su tsaya. Kin ce murya tana kaucewa. Tana kaucewa mana, ban musa ba, musamman idan biyu suka haɗa baki. Sai dai ki saurari abin da ake faɗa a cikinta. Maganar saurayi ce da ya yi alkawari bai cika ba, da jiran wanda ba zai zo ba, da kishi, ana faɗa da wata irin gatse ta 'yan mata da suka riga suka gano mutum. Masu kiran waƙoƙin wasan yara kiɗan kawai suka ji.

Watsewar ta samo asali tun 1981, kuma ba wani abin mamaki a ciki: makaranta ta ƙare. Tracey ta tafi Jami'ar Hull karatun adabin Ingilishi, can arewa maso gabashin Ingila. Jane ta tafi makarantar zane-zane a Brighton, can ƙarshen kudu. Tsakaninsu tafiyar sama da kilomita 300 ce, a zamanin wasiƙa da wayar kan titi. Gina kuma ta janye bayan faifan farko. Abin dariya, duk garuruwan biyu na bakin ruwa ne, sai da 'yan matan teku suka isa ruwan da suke wa waƙa sannan suka rabu. Ƙungiyar ta koma ta lokacin hutu.

A haka ɗin ma sun yi abin a zo a gani. Kamfanin Cherry Red ya ɗauke su ta hannun Mike Alway. John Peel, mai gabatarwa a rediyon BBC wanda ya yi suna wajen tono ƙananan mawaƙa, ya gayyace su suka naɗa wa shirinsa waƙoƙi. A ƙarshen 1982 suka fito a wani faifan haɗaka na mawaƙan Cherry Red da aka sayar fam ɗaya ba kwabo, arahar da ta sa ya shiga ɗakunan ɗalibai da yawa. A 1983 suka fitar da faifai na biyu, Lazy Ways, wanda Stuart Moxham ya tsara naɗinsa. Moxham ɗan Young Marble Giants ne, wata ƙungiyar Cardiff da ita ma faifai babba ɗaya tak ta yi a 1980 ta watse, kuma ita ma gwanar barin fili ce a cikin kiɗa. An dace da mutum.

To amma a Hull akwai wani ɗalibi, Ben Watt, shi ma mawaƙin Cherry Red. Shi da Tracey suka haɗu tun shigarsu jami'a, a 1982 suka fara fitar da waƙa da sunan Everything but the Girl, sunan da suka kwaso daga tallan wani shagon kayan ɗaki na garin. A shekarar kuma Tracey ta yi ɗan faifai nata ita kaɗai. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Idan kika saurari Lazy Ways da kyau za ki ji rabuwar tun kafin a yi ta. Muryar Tracey ta yi zurfi, ta natsu, ta fara neman kiɗa mai tsari. Ta Alice tana nan yadda take, sako-sako, ba ruwanta da gyara. Faifai ɗaya, amma kowace ta fuskanci hanyarta. A 1983 suka ajiye. Jane da Alice suka kafa Grab Grab the Haddock, suna nan dai da kifinsu (haddock wani kifin teku ne), suka yi 'yan ƙananan faifai su ma suka yi shiru.

Yanzu ga tambayarki mai ƙaya. Rabinta gaskiya ne. Sunan Tracey ya taimaka wajen hana faifan nan ɓacewa. Bayan da mai haɗa kiɗa ɗan Amurka Todd Terry ya sake wa waƙar Everything but the Girl mai suna Missing kiɗa, ta kai matsayi na biyu a jadawalin Amurka a farkon 1996, mutane da yawa sun bi sawunta baya har suka tarar da Hatfield. Kamfani ma ya fi son sake buga abin da ke ɗauke da sanannen suna.

Ɗaya rabin ne ban yarda da shi ba, kuma ga hujjata. Kurt Cobain, jagoran shahararriyar ƙungiyar rock ta Amurka mai suna Nirvana, wanda ya rasu a 1994, ya bar jerin faifai 50 da ya fi so a littattafan rubutunsa, waɗanda aka buga a 2002. Beach Party yana ciki. Ba faifan Everything but the Girl ya zaɓa ba, ba ma na biyun da aka naɗa da kyau ba, na ɗakin tarkacen nan ya ɗauka, wanda Gina da Alice suke waƙa a ciki, Tracey kuma ɗaya ce cikin huɗu. A jerin akwai Young Marble Giants da Raincoats da Vaselines, duk 'yan gida ɗaya. Cobain ya zauna a Olympia ta jihar Washington, garin kamfanin K Records da ƙungiyar Beat Happening, har ya yi zanen tambarin kamfanin a hannunsa, kuma mutanen garin sun ɗauki irin wannan kiɗa mara kwalliya da muhimmanci ƙwarai. Wanda ya ji Beat Happening, ko tarin ƙungiyoyin da Sarah Records ta Bristol ta fitar tsakanin 1987 da 1995, ya dawo ya ji Marine Girls, kunnensa zai gaya masa akwai dangantaka. Waɗannan mutanen ba ƙuruciyar wata tauraruwa suka je leƙe ba. Hanyar yin waƙa suka gani, wadda ba ta buƙatar kuɗi ko gwaninta ko izinin kowa.

Ba na cewa duk abin da suka naɗa zinariya ne. Akwai waƙoƙi a faifan farko da ba su wuce gwaji ba, kuma da sun daɗe suna maimaita salon, da ya gundure ni. Ban kuma ga laifin Tracey ba da ta bi inda muryarta ta ja ta. Abin da ba na so shi ne a mai da Gina da Jane da Alice 'yan rakiya, alhali idan aka cire bes ɗin Jane daga waƙoƙin nan babu abin da zai rage a tsaye.

Cherry Red ya haɗa faifan biyu wuri guda daga baya, kuma Lazy Ways ne a gaba. Ke ki juya tsarin, ki fara da na 1981, ki bi shi har ƙarshe ba tsallake, duka bai wuce rabin awa ba. Idan kin gama har yanzu kina ganin ban da Tracey babu kowa a ciki, ki sake jefo tambayar a inda kika jefo ta farko, zan karanta ta a shiri yadda kika rubuta.

Ki gaida gida.

Yayanki,
mai gabatar da shirin