Zuwa ga ɗana, kan Stagg da aikin koci

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, saƙonka ya iso cewa za ka fara taimaka wa kocin jami'arku a ƙwallon Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga. Madalla. Akwai mutumin da nake so ka yi nazarinsa, Amos Alonzo Stagg.

An haife shi a 1862, ɗan mai gyaran takalmi ne. Ya yi wasa a jami'ar Yale, yana cikin jerin gwanayen ƙasar na farko da aka fitar a 1889. Limamin coci ya so zama, sai ya ga bakinsa ba na wa'azi ba ne, ya koma fili. Ya riƙe ƙungiyar jami'ar Shikago daga 1892 zuwa 1932. Da ya cika 70 aka ce ya huta, ya ƙi, ya tafi Kalifoniya, inda aka zaɓe shi gwarzon koci a 1943 yana da shekara 81.

Tun yana Yale ya naɗe katifa ya rataye, don a koyi kayar da mutum ba tare da an ji wa kowa ciwo ba. Kai ma da wannan za ka fara wa yaranka. Kai a ɗage, ido a buɗe, kafaɗa ce ke fara taɓawa, hannaye su rungumo cinyoyi, ƙafafu na ci gaba da turawa. Wanda ya sunkuya ya yi karo da tsakar kai, wuyansa kan miƙe sak, duk nauyin ya sauka kan ƙashin wuya. Daga nan shanyewar jiki ke zuwa. Hular kwano ƙoƙon kai take karewa, ba ruwanta da wuya.

Sai bugun ƙafa, da matasa ke rainawa. A 1905 ƙungiyar jami'ar Mishigan ta zo Shikago da wasa 56 ba a ci ta ba, ƙungiyar Stagg ta ci ta 2 da 0. Ɗan wasan Mishigan ne ya cafe ƙwallon da aka bugo a bayan layin gidansu, maimakon ya durƙusa a tsayar da wasa sai ya zura da gudu, aka kama shi aka mayar da shi ciki. Maki biyun da Shikago ta samu ke nan. Saboda haka ka gaya wa mai tarbar bugu ya kafa dugadugansa a layin yadi 10 daga layin gidansu, in ƙwallo ta wuce kansa ya ƙyale ta.

Bugun nan Stagg yake koyarwa a wata kwaleji a garin Stockton na Kalifoniya har 1960, yana da shekara 98.

Mahaifiyarka na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka